Lissafi a Sakandare: Me Kwamfuta Za Ta Iya, Me Ya Fi Ƙarfinta?

Tun daga shekarar 2015 hukumar JAMB ta yi ban kwana da takarda da fensir a jarrabawar shiga manyan makarantu, ta koma kan kwamfuta kacokan. A farkon 2024 hukumar WAEC ita ma ta soma gwada wannan hanya da ɗalibai masu zaman kansu, daga baya kuma Gwamnatin Tarayya ta bayyana aniyarta ta ganin jarrabawar kammala sakandare ta koma kan na'ura. Wannan ya sa maganar kwamfuta ta cika bakin kwamishinoni da shugabannin makarantu da iyaye, har ta kai da wuya a saurari jawabin kasafin kuɗin ilimi ba a ji alkawarin raba kwamfutoci ko gina azuzuwan zamani ba. Abin da nake so mu tattauna a wannan mako wata tambaya ce da hayaniyar jarrabawa ta danne: shin na'urar da za a yi wa yaro jarrabawa da ita za ta iya koya masa abin da za a tambaye shi? Na zaɓi darasin lissafi ne domin shi ne ƙofar da ta fi rufe wa 'ya'yanmu hanyar likitanci da injiniyanci da kimiyyar kwamfuta da akanta, fannonin da kullum muke kukan ƙarancin mutanenmu a cikinsu.

Da farko ya kamata mu raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Koyon sarrafa kwamfuta domin jarrabawa aiki ne na 'yan kwanaki. JAMB ma ta sauƙaƙa abin, ta tsara yadda ɗalibi zai amsa tambayoyinsa da maɓallai takwas kacal, huɗu na zaɓen amsa, sauran na matsawa gaba da komawa baya da miƙa aiki. Yaron da ya iya tura saƙo a waya zai iya wannan a zama biyu ko uku. Koyon lissafi kuwa aiki ne na shekara goma sha biyu, daga aji ɗaya na firamare zuwa aji uku na babbar sakandare, kuma gini ne da kowane sahun bulo yake zaune a kan na ƙasa da shi. Idan muka bari tsoron jarrabawar kwamfuta ya sa muka zuba duk kuɗinmu a abu na farko, za mu wayi gari da yaran da suka ƙware wajen danna amsar da ba daidai ba.

To, ina ciwon yake? A matsayina na mai koyar da lissafi a jami'a, wanda kuma kan zagaya makarantun sakandare duba ɗalibanmu masu koyarwar gwaji, akwai wata tambaya da nakan fara yi wa sababbin ɗalibai: rabi da sulusi, idan an haɗa su, nawa ke nan? A kowace shekara sai na samu waɗanda za su haɗa lambobin sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa, su ce biyu bisa biyar. Waɗannan fa sun zo ne da kiredit a takardarsu. Abin da ya fi kuskuren tayar da hankali shi ne rashin jin komai a ransu game da amsar. Biyu bisa biyar bai kai rabi ba. Ta yaya za ka ɗauki rabin buhu, ka ƙara masa sulusin buhu, sannan abin da ke hannunka ya koma ƙasa da rabi? Duk mai awo a kasuwar Dawanau zai yi dariyar wannan amsa ko da bai taɓa shiga aji ba. Ɗalibin ya haddace ƙa'idoji ne ba tare da ya ga abin da suke nufi ba, shi ya sa lambobi suka zame masa zane-zanen da ake jujjuyawa a kan takarda, babu wata alaƙa tsakaninsu da duniyar da yake rayuwa a ciki.

Laifin ba na yaron ba ne shi kaɗai, ba kuma na malaminsa ba ne shi kaɗai. Na shiga azuzuwan da ɗalibai suka haura ɗari, wasu a benci, wasu a ƙasa, malami ɗaya da guntun alli, lokacinsa minti arba'in. A cikin ɗarin nan akwai wanda ya shirya wa aljabra, akwai wanda bai gama sanin jadawalin sau ba, akwai wanda Turancin tambayar ne ya fara kayar da shi kafin ya kai ga lissafinta. Malamin kuma an ɗora masa manhajar karatu da dole ya kammala kafin ƙarshen zango. Abin da zai yi a bayyane yake: zai bi 'yan sahun gaba su goma, sauran su kwafi abin da ke kan allo. Duk fasahar da za a kawo mana, da wannan ma'auni za mu auna ta. Shin tana taimaka wa yaro ya ga ma'anar abin da yake haddacewa? Shin tana taimaka wa malami ya kai ga yaran da suka makale a baya?

A tambaya ta farko, amsar ita ce e, kuma zan ba da misali. Akwai wata manhaja mai suna GeoGebra wadda wani ɗalibi, Markus Hohenwarter, ya fara ƙirƙira a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya wajen shekarar 2001. Malami da ɗalibi na samun ta kyauta, kuma da zarar an sauke ta a kwamfuta ko waya tana aiki ba tare da intanet ba. Ɗauki ƙa'idar da'ira da ke cikin manhajar babbar sakandare, wadda ta ce kusurwar da baka ya yi a tsakiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ya yi a gefenta. A kan allo malami zai zana da'ira ɗaya, sau da yawa ma ba ta fita da kyau, ya rubuta ƙa'idar, yara su kwafa. A GeoGebra kuwa zai kira yarinya ta kama ɗigon da ke gefen da'irar ta yi ta zagayawa da shi, aji na kallon lambobi: ta tsakiya digiri 80, ta gefe digiri 40, duk inda aka kai ɗigon a kan wannan baka ba ta motsawa daga 40. Idan aka buɗa ta tsakiya zuwa 100, ta gefe ta koma 50. A nan ne wani yaro zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, me ya sa?" Wannan tambaya ita ce mafarin lissafi, kuma a nan ne hujjar da malami zai rubuta da alli take samun masu saurare. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Haka abin yake a darasin giraf. Yaranmu kan kwashe darasi guda suna cika jadawali suna ɗiga ɗigo domin fitar da lanƙwasa ɗaya tak, lokaci ya ƙare ba su ga ta biyu ba balle su kwatanta. Da manhaja, malami zai riƙa sauya lambar da ke gaban x², yara na ganin lanƙwasar tana tsukewa tana buɗewa kamar ƙwarya, da lambar ta sauka ƙasa da sifiri kuma sai ƙwaryar ta kife. Ko kuma a ɗauki manhajar jadawali irin su Excel, a tambayi aji: kayan da ake sayarwa Naira 10,000, idan farashinsu yana ƙaruwa da kashi 10 cikin ɗari a kowane wata, nawa za su kai bayan shekara guda? Mafi yawa za su ce 22,000, domin sun ɗauka dubu ɗaya ce ke hawa a kowane wata. Da aka jera watannin goma sha biyu a jadawali sai ga amsa ta haura 31,000. Yaron da ya ga wannan da idonsa ya fahimci yadda ƙari ke hawa kan ƙari, ya kuma fahimci dalilin da ya sa kuɗin cefanen gidansu ke narkewa.

Amma kafin murna ta ɗauke mu, mu dubi abin da ya faru da waɗanda suka riga mu shiga wannan kasuwa. A shekarar 2005 wani farfesa a Amurka, Nicholas Negroponte, ya fito da shirin bai wa kowane yaro a ƙasashe matalauta ƙaramar kwamfutarsa. Najeriya na cikin wuraren da aka fara gwaji, a wata makarantar firamare da ke Galadima, a gefen Abuja, a 2007. Ƙasar Peru ta rungumi shirin hannu bibbiyu, ta sayi kwamfutoci dubban ɗaruruwa ta raba. Da masu bincike na Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka suka bi sawun abin a makarantun karkara 319, rahoton da suka fitar a 2012 ya nuna cewa bayan wata goma sha biyar yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma makinsu a lissafi da karatu bai ɗara na takwarorinsu da ba a ba komai ba. An raba na'ura, ba a sauya yadda ake koyarwa ba.

Sai mu kwatanta da wani gwaji da aka yi a unguwannin marasa galihu na birnin Delhi a Indiya, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2019. An yi ƙuri'a tsakanin ɗalibai 619 na matakin ƙaramar sakandare, waɗanda suka ci aka ba su damar zuwa wata cibiya bayan an tashi makaranta, su yi minti 45 da wata manhaja mai suna Mindspark, su yi wasu minti 45 da malami. Abin da manhajar ta fara tonowa zai zame mana sananne: ɗalibin aji shida ya kasance baya da matakin ajinsa da kimanin shekara biyu da rabi a lissafi, na aji tara kuwa da kimanin shekara huɗu da rabi. Manhajar ba ta bi lambar ajin yaro ba. Ta gwada shi, ta gano inda ya tsaya, ta fara ba shi aiki daga nan, tana kuma lura da irin kuskuren da yake maimaitawa. Cikin wata huɗu da rabi ci gaban waɗannan yara a lissafi ya kai kusan ninki biyu na waɗanda ba su ci ƙuri'ar ba. Bambancin Peru da Delhi bai tsaya ga ingancin na'ura ba. A Delhi an san takamaiman ciwon da ake son magancewa, an ware masa lokaci, an kuma tsayar da mutum a kansa. Wannan ya amsa tambayarmu ta biyu: abin da malami ɗaya ba zai iya yi wa yara ɗari ba, wato ya bi kowa a matakinsa, na'ura na iya taya shi.

Akwai kuma wani sabon baƙo da ya riga ya shiga gidajenmu ba tare da sallama ba. A yau yaro na iya ɗaukar hoton tambaya da manhaja irin Photomath ta warware masa ita mataki-mataki, ko ya rubuta wa ChatGPT da ire-irenta na ƙirƙirarriyar basira su ba shi amsa cikin daƙiƙoƙi. Masu bincike daga Jami'ar Pennsylvania sun gwada wannan a wata makarantar sakandare a Turkiyya da ɗalibai kusan dubu. Waɗanda aka sakar wa manhajar su tambaye ta yadda suka ga dama sun fi sauran maki da kashi 48 cikin ɗari a lokacin atisaye. Da aka karɓe manhajar aka yi jarrabawa, sai suka faɗo ƙasa da waɗanda ba su taɓa amfani da ita ba da kashi 17 cikin ɗari. Rukuni na uku an ba su manhajar da aka saita ta riƙa nuna hanya kawai ba tare da faɗin amsa ba, su kuma ba su yi wannan faɗuwa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Wahalar da yaro ke sha yana gogewa yana sake rubutawa ita ce koyon, duk abin da ya ɗauke masa ita gaba ɗaya ya cuce shi. Malamin da har yanzu yake auna ɗalibansa da aikin gida kaɗai, ya sani cewa wayar yayan yaron yake bai wa maki.

Yanzu mu dawo gida. A zagayen da nake yi na sha ganin ɗakin kwamfuta da aka ƙawata, aka sa masa labule, aka garƙame da kwaɗo. A wata makaranta da ba zan ambaci sunanta ba, sai da aka yi aike gidan mai riƙe da mabuɗi kafin a buɗe mana, muka tarar ƙura ta rufe na'urorin, batiran sola sun mutu, malamin lissafin da ya kwashe shekaru a makarantar kuma ranar ce ya fara sa ƙafa a ɗakin. Shugaban makarantar ba mugu ba ne. Tsoro yake kada wani abu ya ɓace a cire a albashinsa, ba a kuma ba shi ko sisin gyara ko na man janareto ba. Dalilin da ke sa haka ke maimaituwa ba ɓoyayye ba ne. Sayen kaya kwangila ce, tana da ranar buɗewa da yanka kirtani da hoto a jarida. Horar da malami da sauya batir bayan 'yan shekaru ba su da ranar buki, shi ya sa ba su da mai tsaya musu a teburin kasafi.

Ina da shawarwari ga masu riƙe da akalar ilimi a jihohinmu, kuma jerin da na bi wajen kawo su yana da muhimmanci. Na farko shi ne malami. Kada a kai ko waya ɗaya makarantar da ba a horar da malaman lissafinta ba, kuma horon ya kasance a kan darasin kansa: yadda za a koyar da kusurwoyin alwatika da GeoGebra, yadda za a koyar da ƙididdiga da jadawali. Bitar kwana uku a otal, a raba jaka da alawus a watse, ba ta sauya komai a aji. Abin da ke aiki shi ne malaman lissafi na makarantu biyar ko shida masu maƙwabtaka su riƙa haɗuwa a kai a kai, ɗaya ya koyar saura su gyara masa. Kwalejojin ilimi da tsangayoyin ilimi na jami'o'inmu, da Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Sheda a yankin Abuja, duk suna da mutanen da za su iya jan wannan aiki. Bai kamata a ƙara yaye malamin lissafi ko ɗaya da bai taɓa koyar da darasi da manhaja a gaban masu duba shi ba.

Na biyu, a fara da abin da za a iya riƙewa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ɗaya da majigi ɗaya da ƙaramar sola mai batir, a hannun sashen lissafi, za su amfani kowane yaro a makarantar, domin duk ajin ne ke kallon bango ɗaya. Kuɗin raba wa ɗaliban aji guda kwamfutar hannu kowa da tasa zai iya kai wannan kaya makarantu da dama. A rubuta kuɗin gyara da na sauya batir a cikin kasafin tun ranar saye, a kuma rubuta wa shugaban makaranta a takarda cewa na'urar da ta lalace a bakin aiki ba laifi ba ce, laifi shi ne wadda aka samu sabuwa fil a kwali bayan shekara biyu. Inda aka riga aka gina ɗakin kwamfuta, a sa shi a jadawalin darussa, a ɗora masa manhaja irin Kolibri da aka ƙera domin wuraren da babu intanet, wadda kwamfuta ɗaya ke iya rarraba wa sauran darussa da atisaye, malami kuma yana ganin inda kowane yaro ya makale.

Na uku, a gwada kowane yaro a makon farko na shigarsa aji ɗaya na ƙaramar sakandare da aji ɗaya na babba, a san matakinsa na gaskiya, a ware sa'o'i a mako domin cike giɓi. Wanda bai iya rabawa ba a koya masa rabawa, ko da kuwa takarda ta ce aljabra ya kamata ya yi. Wannan shi ne darasin Delhi, kuma ana iya fara shi da takarda tun kafin na'ura ta iso. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Na huɗu ya shafi harshe, kuma a nan ne nake ganin muna da wata dama da ba mu lura da ita ba. Akwai masu ɗauka cewa lissafi baƙon ilimi ne da Turawa suka kawo, sai da Turanci ake fahimtarsa. Tarihi ya ƙaryata wannan. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a kan hanyoyin gina hatimi, wato murabba'in da ake jera lambobi a cikinsa ta yadda kowane layi, a tsaye ko a kwance ko a karkace, zai ba da jimla ɗaya, kuma har yau masu tarihin lissafi suna ambaton aikinsa. Littafin al-Khwarizmi na ƙarni na tara, wanda daga sunansa aka samo kalmar aljabra, wani babban ɓangarensa matsalolin wasiyya da rabon gado ne. Malamanmu na zaure sun daɗe suna warware irin wannan: mace ta rasu ba ta bar ɗa ba, ta bar miji da 'yan'uwa mata biyu shaƙiƙai, miji yana da rabi, su kuma suna da sulusi biyu. Idan aka haɗa sai a samu bakwai bisa shida, rabo ya fi dukiya, sai a kasa dukiyar kashi bakwai, miji ya ɗauki uku, su ɗauki huɗu. Harshen da yake da rabi da sulusi da rubu'i da humusi da sudusi da sumuni da ushiri ba za a ce ya gaza ɗaukar darasin ɓangarori ba.

Abin da ya rage shi ne mu haɗa wannan gado da kayan zamani. Gajeren bidiyo na minti biyar, malami ƙwararre yana bayani da Hausa, yana rubuta kalmomin Turancin da yaro zai tarar a jarrabawa, abu ne da waya ɗaya da farar takarda suka isa a ɗauke shi. Hanyar rarrabawa ma muna da ita. A kowace kasuwa da tasha akwai masu tura fina-finai da waƙoƙi a waya da ɗan kuɗi kaɗan, ba a bukatar data. Hanyar da take kai sabon fim ƙauyen da babu lantarki cikin kwana biyu za ta iya kai darasin lissafi. Wannan ya fi muhimmanci ga 'ya'yanmu mata, waɗanda ba su cika samun damar fita darasin yamma ba, amma suna iya kallon bayani a wayar mahaifiyarsu, su tsayar, su maimaita sau goma ba tare da kunyar kowa ba. Ma'aikatar ilimi ɗaya da sashen lissafi na jami'a ɗaya sun isa su shirya darussan manhajar sakandare duka, a tace su, a sake su kyauta ga kowa daga Sakkwato har Damagaram.

Na biyar, a auna. Duk jihar da za ta kashe kuɗin jama'a a kan wani shiri na fasaha, ta fara da makarantu kaɗan, ta gwada yara kafin a fara da bayan shekara, ta kwatanta su da makarantun da ba a kai shirin ba, ta kuma bayyana sakamakon ko da bai yi daɗi ba. Jami'o'inmu cike suke da ɗaliban digiri na biyu da na uku masu neman abin bincike. 'Yan majalisa da 'yan jarida su daina tsayawa ga tambayar kwamfuta nawa aka raba, su riƙa tambayar yara nawa ne suka iya abin da ba su iya ba a bara.

Na san akwai dattawan malamai, waɗanda nake girmamawa ƙwarai, da za su ce da alli da baƙin allo aka yi irin su Farfesa Iya Abubakar, wanda ya jagoranci sashen lissafi na Jami'ar Ahmadu Bello tun yana matashi kafin ya zama shugabanta a 1975. Gaskiya ne. Amma ajin da ya fitar da su ba na yara ɗari ba ne, an kuma tace su kafin su shiga. Yau muna son koyar da kowa ne, ɗan sarki da ɗan talaka, kuma wannan nauyi ya fi ƙarfin alli shi kaɗai. Sai dai ina tare da su a kan abu ɗaya: kada a raba yaro da takarda da biro. Takarda ta biyu ta lissafin WAEC tana neman ɗalibi ya nuna matakan aikinsa, ya zana giraf, ya yi gini da rula da kamfas, kuma ko a jarrabawar kwamfutar da aka yi wa masu zaman kansu, a fuskar na'ura aka nuna irin waɗannan tambayoyi amma a takarda aka amsa su. Tsarin da ya dace shi ne yaro ya fara yin hasashe, ya gani a majigi, sannan ya koma littafinsa ya fitar da hujja da hannunsa.

Ku kuma iyaye, kuna da rawar da za ku taka ko da kun daɗe da mance lissafin makaranta. Idan yaro ya nemi waya domin aikin gida, a ba shi bayan ya gwada da kansa, ya yi amfani da ita wajen duba inda ya kuskure. Sannan a karɓe wayar a ce ya yi bayanin yadda aka samo amsar da Hausa. Wanda ya fahimta zai iya, wanda ya kwafa zai yi ta kame-kame. Idan kuma aka kira taron iyaye da malamai aka nemi kuɗin kwamfuta, ku tambaya: wane malami ne zai yi amfani da ita, a wane darasi, sau nawa a mako, wa zai gyara ta idan ta lalace? Makarantar da ta shirya da gaske ba za ta rasa amsa ba.

Jarrabawar kwamfuta tana tafe, ko an jinkirta ta ko ba a jinkirta ba, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Jihar da ta fara da malaminta, ta san matakin ɗalibinta, ta sayi abin da za ta iya gyarawa, ita ce za ta ga amfanin kuɗinta a sakamakon yaranta nan da 'yan shekaru. Ina roƙon malaman lissafi da ke karanta wannan fili, musamman waɗanda suka taɓa gwada wata manhaja a ajinsu, su rubuto mana abin da suka gani, mai daɗi da marar daɗi, domin mu kawo shi a nan sauran su ƙaru. Sai mako mai zuwa, idan Allah Ya kai mu.